Fasto ne ni, amma na daina gaskata abin da nake wa'azi: ta yaya zan ajiye aikin?

Tambaya: "Ni fasto ne a wata ikilisiya a Arewa, shekarata 14 a bakin aiki, an kuma naɗa ni. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, a gidan fasto muke zaune, da albashin ikilisiya muke ci. Kusan shekara biyu ke nan na daina gaskata abin da nake koyarwa. Duk Lahadi sai in hau bagadi in sauko ina jin na yi wa mutane ƙarya. Ko matata ba ta sani ba. Ta yaya zan bar aikin nan ba tare da na jefa iyalina cikin wahala ko na watsa ikilisiyar ba?"

Ɗan'uwa, sannu da wannan nauyi. Abu uku ne suka cakuɗe maka wuri guda: abin da ke zuciyarka game da Allah, muƙamin da kake riƙe da shi, da kuma jama'ar da kake zaune a cikinsu. Kowanne da lokacinsa. Yawancin waɗanda fitarsu ta zama tashin hankali, sun warware ukun ne a rana ɗaya, sau da yawa cikin fushi, ko bayan an rutsa su da tambaya a taron dattawa. Maganar zuciya tana iya ɗaukar shekaru ba ta gama kwanciya ba. Muƙami kuwa ana iya ajiye shi cikin tsari a 'yan watanni, kuma a kansa zan fi tsayawa, don shi ne ke hannunka.

Kafin nan, ka tabbatar da abin da ya same ka. Ba ina nufin shekara biyun da ka yi kana tunani wasa ba ne. Amma akwai abubuwa da ke kama da rasa bangaskiya alhali ba ita ba ce. Akwai gajiya ta mutumin da ya yi shekaru babu hutu, daga jana'iza zuwa sulhun aure zuwa neman kuɗin gini. Akwai raunin zuciya na wanda ya binne mutanensa da yawa. Fastocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da suka ga abin da ya faru a Chibok da Gwoza, da lokacin da Boko Haram ta kama hedikwatarsu a Kwarhi a 2014, da na Filato da Kudancin Kaduna, sun san irin tambayoyin da ke zuwa bayan jana'izar mutane da yawa a rami ɗaya. Akwai kuma ɓacin rai da shugabanni, wato an yi maka canjin wuri na mugunta ko ka ga ana wasa da baiko. Sannan akwai ciwon damuwa, wanda ke ɗauke wa mutum ɗanɗanon komai, har da addu'a. Idan ka wuce mako biyu barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga, abin da kake so a da ya fita ranka, to ka ga likita tukuna. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da sashen masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Jos duk suna duba irin wannan. In har tunanin kashe kai ya taɓa zuwa maka, kada ka jira gobe.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka: da za a ba ni hutun wata shida da cikakken albashi, a mai da ni wata ikilisiya mai zaman lafiya, zan iya tsayawa in ce Yesu ya tashi daga matattu ina nufin abin da na faɗa? In amsar "ƙila" ce, hutu kake buƙata, kuma tarihin ikilisiya cike yake da masu bi da suka daɗe cikin duhu. Wasiƙun Mother Teresa da aka buga a 2007 sun nuna ta yi shekaru da dama tana jin Allah ya yi mata shiru. In amsar "a'a" ce a sanyi, ba cikin fushi ba, to ka karɓi amsarka. Ba kai kaɗai ba ne. A 2010 wasu masu bincike biyu, Daniel Dennett da Linda LaScola, sun wallafa hirar da aka yi da fastoci biyar a Amurka waɗanda ke kan aiki ba su kuma gaskata, kuma abin da ya riƙe su a kan bagadi shi ne abin da ya riƙe ka: abinci, iyali, da tsoron karya zukatan mutanen da suke ƙauna.

Ra'ayina shi ne bai kamata ka ci gaba da haka har ka yi ritaya ba, bai kuma kamata ka tashi gobe da safe ka ajiye ba. Ka yanka wa kanka wa'adi, wata 6 zuwa 9, ka rubuta ranar. Wanda bai sa rana ba, shekara goma za ta same shi yana cewa sai baɗi. Ka zaɓi ranar da ido a buɗe: ƙarshen zangon karatun yara, don kada a cire su daga makaranta a tsakiyar zango, bayan girbi, in kana noma gonar ikilisiya, don kada ka bar masararka a tsaye a filin da ba naka ba, kusa da lokacin da gunduma ke canjin ma'aikata, don a samu wanda zai maye gurbinka ba tare da ikilisiya ta zauna babu makiyayi ba. Ka guji makon Kirsimeti da na Ista.

A cikin waɗannan watanni akwai yadda za ka rage ƙaryar da ke cin ka. Ka yi wa'azi a kan abin da har yanzu ka yarda da shi: gaskiya a ciniki, haƙƙin maraya da gwauruwa, riƙe harshe, yafiya. Littafin Karin Magana, wasiƙar Yakubu, Amos da Mika sun ishe ka watanni. Ka yawaita ba dattawa da baƙin masu wa'azi bagadi. Inda tsarin ikilisiyarku ya yarda, ka gayyato wani naɗaɗɗe ya yi baftisma ya ba da Jibin Ubangiji. Ziyarar marasa lafiya da zaman makoki kuwa kada ka fasa, don kulawar da kake yi musu ba ƙarya ba ce. Abin da za ka daina nan take shi ne karɓar kuɗi ko kyauta a kan ka yi wa wani addu'a ta musamman, da fara sabon gini, da cin bashi da sunan ikilisiya, da karɓar ƙarin girma ko tallafin ƙaro karatu. Duk wanda ka karɓa yanzu, gobe za a ce ka san za ka tafi ka karɓa, kuma za su yi gaskiya.

Matarka ce mutum na farko da za ta ji, kuma tun da sauran lokaci. Wannan shi ne wuri mafi wuya, shi ne kuma inda aka fi yin kuskure. Ka tuna ita ma aikin nata ne: ita ce Mama, ita ke gaban zumuntar mata, a gidanta ake sauke baƙi, ƙila ma an zaɓa maka ita ne don ta dace da matar fasto. Ranar da ka ajiye, ita ma an sauke ta, ba tare da ta yi shakkar komai ba. Kai ka yi shekara biyu kana narkar da maganar, ita kuwa a dare ɗaya za ta faɗo mata. Saboda haka kada ka kawo mata hukunci gamamme. Ka fara da cewa kana cikin wahala a zuciya game da bangaskiya, ka daɗe a ciki, ka kasa ci gaba da ɓoye mata. Ka bar ta ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi azumi dominka. Kada ka ja ta da muhawara, kada ka yi ƙoƙarin fitar da ita daga abin da ta riƙe. Abin da take son ji a ranar abu uku ne: ba wata mace ba ce, ba za ka bar ta ba, kuma ba za ka hana ta da yara zuwa sujada ba. In gaskiya ne, ka faɗa mata su a fili. Ka roƙe ta kada ta kai maganar ga kowa sai kun shirya tare, amma ka yarda ta samu mutum ɗaya amintacce, wanda ba ɗan ikilisiyarku ba, da za ta riƙa sauke nauyi a wurinsa.

Dangi za su zo su ce mata ta tattara yaranta ta dawo gida. Ya kamata ku biyu ku san cewa 1 Korintiyawa 7:12 zuwa 14 ta ce mai bi kada ya rabu da abokin aurensa marar bi muddin ya yarda su zauna tare. Ta fuskar doka kuma, in aurenku na rajista ne a ƙarƙashin Dokar Aure, yana nan daram. Dokar shari'o'in aure ta 1970 ta san dalili ɗaya ne na kashe aure, wato ya lalace yadda ba ya gyaruwa, kuma canjin addini ba ya cikin abubuwan da sashe na 15 ya lissafa. In ta kai ga riƙon yara, kotu maslahar yaran take dubawa. Aure da baftismar da ka yi wa mutane a baya ma ba su ɓaci ba. Wasu za su tambaya cikin tsoro, ka kwantar musu da hankali.

Daga nan sai takardu. Ka nemo takardar ɗaukarka aiki, da kundin tsarin mulkin ikilisiyarku, da littafin ƙa'idojin ma'aikata, ka karanta su kamar lauya. Ka nemi amsar waɗannan: wa'adin sanarwa nawa ne, me wanda ya ajiye aiki da kansa yake samu, me wanda aka kora yake rasawa, shekara nawa ake cikawa kafin a cancanci kuɗin sallama, kwana nawa ake ba mutum ya fita daga gida. Bambancin ajiye aiki da kora shi ne ya sa tsari yake da muhimmanci. In ka bayyana rashin bangaskiyarka kafin ka miƙa takarda, ana iya dakatar da kai a sa ka ƙarƙashin horo, albashi ya tsaya a watan, kuma a wasu wurare haƙƙoƙin sallama su tafi tare da shi. In wasu 'yan watanni ne suka rage ka cika shekarun cancanta, ka lissafa su cikin wa'adinka. Dokar Ƙwadago ta sa sanarwar wata ɗaya ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye, amma ba kowane irin ma'aikaci ta ƙunsa ba, don haka abin da ke rubuce a ƙa'idojinku shi za ka bi, in ya fi tsawo ka bi mai tsawon. In ikilisiya ce ta biya maka karatu a makarantar tauhidi, kamar ta Kagoro, ko JETS da ke Jos, ko TCNN Bukuru, ko ta Gindiri, ka duba ko ka sa hannu a yarjejeniyar yin aiki na wasu shekaru, da abin da za ka mayar in ba ka cika ba.

Fansho kala biyu ne. In ana zuba maka a asusun ajiyar fansho ƙarƙashin dokar 2014, inda ma'aikaci ke ba da kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, kuɗin naka ne, yana bin ka duk inda ka je, kuma wanda bai kai shekara 50 ba yana iya cire har kashi 25 cikin 100 in ya yi wata 4 babu aiki. Ka nemi bayanin asusun tun yanzu, don a ga ko ana cire maka a albashi ba a zubawa. In kuwa asusun cikin gida ne na ikilisiya, ƙa'idarsu ce ke hukunci, kuma sai ka nemi a rubuta maka abin da ka tara. Ka kwashe takardunka na asali daga ofis zuwa inda kai kaɗai ke da iko: shaidar karatu, takardar aure, takardun haihuwar yara, takardar fili in kana da shi.

Gidan fasto ba haya ba ne. Aikin ne ya ba ka shi, in aikin ya ƙare zaman ya ƙare. Kada ka dogara da "ai Baba ba za mu kore ka ba". Ka roƙi wata 2 ko 3 a rubuce, ka kuma fita kafin ranar. Tun da a garuruwanmu kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, abin da za ka tara kafin ka miƙa takarda shi ne hayar shekara guda, kuɗin makarantar zango ɗaya, da abincin wata 3 aƙalla, in da hali wata 6. Ka lissafa abubuwan da ba ka saba saye ba: buhun hatsin da ake kawowa bayan girbi, man babur, rangwamen kuɗin makarantar mishan, maganin asibitin mishan. Nan ne lissafin mutane ke karyewa, don albashin fasto kaɗan ne, abin da ke riƙe gidan yawanci ba ya cikin takardar albashi. In kana cikin adashi ko ƙungiyar bashi ta ma'aikatan ikilisiya, ka biya abin da ake bin ka kafin rana ta zo.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe da hannu biyu, wato miƙa kaya. Mutane ba sa yarda fasto ya tafi haka kawai. Sai sun nemo dalili, kuma dalilan da ake fara kawowa sanannu ne: ya ci kuɗi, ya yi zina, ya musulunta, ya shiga asiri. Uku daga ciki lokaci ne ke ƙaryata su. Na kuɗi kuwa takarda ce kaɗai ke kashe shi, kuma shi ne wanda ke iya kai ka ofishin 'yan sanda. Don haka ka nemi a binciki lissafin ikilisiya kafin ka tafi, kai ne za ka nema, kada ka jira a nema. Ku zauna da ma'aji da magatakarda da dattijo ɗaya ko biyu, a daidaita littafin baiko da zakka da bayanin banki, a ƙirga kuɗin da ke hannu. In akwai gudummawar gini da wani ya turo ta asusunka na kanka, ka fitar da bayanin banki, ka nuna shigarta da fitarta, ka mayar da saura da rasit.

A rubuta kayan da ke hannunka ɗaya bayan ɗaya: babur ko mota da takardunsu, janareta, na'urar sauti, kayan kiɗa, kayan Jibin Ubangiji, hatimi, makullai, littafin membobi, littafin baftisma, takardun filin majami'a. A gidan fasto a ware kayanka da na ikilisiya, har kujeru da katifa. Wanda aka ba ka kyauta a bikin godiya ka faɗa a gaban shaidu cewa kyauta ce, a rubuta. Littafin shaidar aure na gwamnati, in majami'arku tana da lasisin ɗaura aure, ka miƙa shi hannu da hannu a sa hannu, kuma daga ranar da ka sauka kada ka ƙara ɗaura wa kowa aure, don doka limamin da ikilisiyarsa ta amince da shi ta sani. A yi kwafi uku na takardar miƙa kayan, kowa ya sa hannu da kwanan wata, ɗaya naka. Kada ka yarda da "za mu sa hannu daga baya".

Banki shi ne abin da aka fi mantawa. Sunanka ba ya fita daga masu sa hannu don ka bar gari. Sai dattawa sun yi zama sun yanke shawara a rubuce, sun kai wa banki da sunan wanda zai maye gurbinka. Ka bi sawu har ka ga an yi, ka kuma aika wa bankin taka wasiƙar cewa daga rana kaza ba ka da hannu a asusun, su buga maka hatimin karɓa. In lambar wayarka ce ke karɓar saƙon shigar kuɗi, a canza ta. Ka sauka daga shugabancin zaurukan WhatsApp da shafin Facebook na ikilisiya bayan ka ɗora wani. Akwai kuma amanar da ba a rubutawa: asirin da mutane suka faɗa maka a ofis, na aure, na ciwo, na zunubi. Wannan yana tare da kai har kabari, ko da su suka fi kowa zaginka.

Takardar ajiye aiki ta zama gajeriya, a kai ta ga ofishin da ya tura ka, ba ga jama'a ba. A ECWA gunduma ce, wato DCC, da kwafi ga ƙaramar majalisar yankinku, wato LCC, da dattawan ikilisiyarka. A COCIN ta bi ta majalisar yanki, wato RCC. A Angilika bishop ne. Layi huɗu sun isa: kana ajiye aiki daga rana kaza, dalilinka na lamiri ne, ba za ka iya ci gaba da ɗaukar nauyin wannan aiki da zuciya ɗaya ba, a shirye kake a binciki lissafi ka miƙa kaya, kana godiya. Wannan gaskiya ce, ba kuma dole ka zazzage duk abin da ke cikinka ba. Kada ka ƙirƙiri dalili, kamar rashin lafiya ko ƙarin karatu, don ƙarya ce za ta biyo ka. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Za a kira ka zama, ƙila fiye da sau ɗaya. Za su zo da Matiyu 18, inda aka faɗi yadda ake komo da ɗan'uwan da ya kauce, da addu'a, da hawaye, wasu da zafi. Yawancinsu ƙauna ce ta kawo su, ka karɓe su da girmamawa. Ka je da mutum ɗaya da zai zama shaida. Kada ka shiga gardamar tauhidi, ba za ta ƙare ba kuma ba ita ce ta tara ku ba. In suka tambaye ka kai tsaye ko har yanzu kana ba da gaskiya, kada ka yi ƙarya, kana iya cewa, "Baba, ba ni a inda nake a da, shi ya sa na ga bai dace in riƙe bagadi ba." In suka ba ka hutu ka sake tunani, kana iya karɓa in da gaske ƙofar a buɗe take a ranka, amma kada ka karɓa don albashi kawai. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, musamman mai kama da amsa laifi. Za su iya janye lasisi ko naɗi, su hana ka Jibi, su sanar a sujada. Haƙƙinsu ne bisa tsarinsu. Abin da za ka roƙa shi ne ku daidaita kalmomin sanarwar tare, a kuma faɗa a ciki cewa an duba lissafi an same shi daidai. Wa'azin bankwana ba wurin bayyana shakka ba ne. Mutanen da suka zo sujada ba su zo don haka ba, kuma akwai tsohuwar da bangaskiyar nan ce kaɗai ta rage mata.

In kai ka kafa majami'ar, akwai ƙarin aiki. Dukiyar da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da sunan amintattu ba taka ba ce ko da kai ka fara a ɗakinka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana raba ta ga membobi, kuma in an rushe ƙungiyar, abin da ya rage wata mai irin manufarta ake ba wa. Sai an yi taro an zaɓi sababbin amintattu, an nemi amincewar hukumar, an buga a jarida an jira kwana 28 na masu ƙorafi, sannan sunanka ya fita. Ka ɗauki lauya. Fada na Katolika kuwa hanyarsa dabam ce: ta wurin bishop ake neman fita daga matsayin limanci, kuma Paparoma kaɗai ke sauke alkawarin rashin aure.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin canza addini ko abin da ya gaskata. Barin ikilisiya ba laifi ba ne. Amma sashe na 210 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ya hukunta cin mutuncin addini a bainar jama'a ta yadda zai iya ta da fitina, kuma bai ware wani addini ba. Mubarak Bala, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Humanist ta Nijeriya, wato marasa bin addini, wanda Musulunci ya bari, an kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 saboda rubutun Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Don haka shekarar farko ka riƙe hannunka daga rubutu a kan addini, naka na da ko na maƙwabta. Za ka kuma ga masu zawarcinka: masu son a ce tsohon fasto ya shigo addininsu, wata majami'a mai son jan mutanenka, har da marasa addini masu son a ɗauke ka bidiyo. Kada ka zama abin nuni a hannun kowa alhali ƙafarka ba ta tsaya ba. A inda ake zaman ɗar-ɗar tsakanin Musulmi da Kirista, jita-jitar cewa fasto ya sauya addini kaɗai tana iya jawo abin da ba ka nufa ba. In garin ƙarami ne, komawa babban gari kamar Jos, Kaduna ko Abuja ya fi sauƙi ga kowa.

Neman abin yi ka fara shi tun yau, a natse. Shekara 14 ta koya maka magana a gaban jama'a, sulhu, riƙe lissafi, shirya taro, fassara tsakanin Turanci da Hausa da yarenku, da zama da mai baƙin ciki. A takardar neman aiki ka rubuta su da sunansu: yawan mutanen da ka jagoranta, kuɗin da ka kula da su, ginin da ka sa ido a kai. Koyarwa ce ƙofa mafi kusa. In digirinka na makarantar da ke haɗe da jami'a ne, kamar yadda TCNN da JETS ke haɗe da Jami'ar Jos, difilomar koyarwa ta PGDE a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ko a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, sannan rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, za su buɗe maka aji. In difilomar cikin gida ce ta makarantar Littafi Mai Tsarki, ka bincika ko ana karɓarta a waje kafin ka dogara da ita. Ƙungiyoyin agaji da na sasanta rikici suna neman masu irin gogewarka, sai dai masu tushen ikilisiya kan nemi ka sa hannu a bayanin bangaskiya, ka duba kafin ka nema. Noma, kiwon kaji da ƙaramin ciniki sun riƙe mutane da yawa a shekarar farko, amma kada ka zuba duk kuɗin sallama a sana'ar da ba ka taɓa yi ba, kuma kada ka sa ran tsofaffin membobi ne za su zama masu sayenka. Ka nemi takardar shaidar aiki daga gunduma tun ana ga-maciji.

Bayan ka fita, abin da zai ba ka mamaki shi ne kewa. Wayar da ba ta hutawa za ta yi shiru, wanda ke rusunawa ya ce Baba zai wuce ka a kasuwa, safiyar Lahadi za ta yi tsawo, waƙoƙin Sabon Rai za su riƙa zuwa bakinka. Tsoron wuta ma yakan dawo da dare ga wanda hankalinsa ya daina yarda da ita, don abin da aka shuka tun makarantar Lahadi ba ya fita a wata ɗaya. Wannan ba ya nuna ka yi kuskure, ba ya kuma nuna ka yi daidai, makoki ne. Akwai ƙungiyar The Clergy Project, wadda aka kafa a 2011 domin limaman addini na yanzu da na da waɗanda suka daina gaskatawa. A intanet take, da Turanci, suna tantance mai shiga, ana kuma iya amfani da sunan aro. In za ka shiga, kada ka yi da wayar ofis ko kwamfutar ikilisiya.

Yara kuwa a gaya musu kafin a sanar a sujada, kai da mahaifiyarsu tare. Ƙanana ya ishe su su ji Baba ya canza aiki, za mu koma wani gida, ba laifin kowa ba ne. Manya za su ji maganganu a makaranta da wurin zumuntar matasa, don haka a faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, a kuma ba su amsa gajeriya da za su riƙa bayarwa: "Babanmu ya ajiye aiki da kansa, in kuna da tambaya ku same shi." Iyayenka da surukanka ka je musu da ƙafarka a makon da za ka miƙa takarda, tare da wani babba a dangi da suke jin maganarsa, don kada su fara ji daga bakin wani.